Hoton Sallah a Akra: gaban adon mol, ko jikin bangon unguwa?

Saura kwana goma Sallah ƙanwata ta turo mini saƙon murya daga Madina ta nan Akra: "Yaya, tela ya gama ɗinki. Bana a ina za mu yi hoto, mol ko waje?" Tun da na fara rataya kamara a wuya a Nima nake shan wannan tambaya, daga amare, daga samari masu sabuwar shadda, har da Hajiyoyin da ke son aika wa 'ya'yansu na Jamus da Amurka abin da za su kalla su ji sanyi. Amsata ta farko kullum tambaya ce: wane kaya za ki sa? Akan ɗauka zolaya nake yi, alhali rabin shawarar yana nan.

In na ce mol, ina nufin manyan kantunan nan masu rufi ɗaya. Accra Mall da ke bakin gadar Tetteh Quarshie, wanda aka buɗe a 2008, ba shi da nisa da mu mutanen Nima da Mamobi da Kanda. West Hills Mall yana Weija kan hanyar Kasoa tun 2014, ya fi faɗi, sai dai cunkoson mota daga mahaɗar Mallam zuwa can yakan ci kwalliyar mutum tun kafin ya isa. Akwai na Achimota a wajen Dome, da Marina Mall kusa da filin jirgi, da Junction Mall a Nungua. 'Yan'uwanmu na Kumasi suna da nasu a Asokwa tun 2017. A tsakar irin waɗannan wurare ake girka ado gwargwadon lokaci: bishiyar Kirsimeti da fitilu a Disamba, jajayen furanni a Fabrairu, ja da ruwan ɗorawa da kore in 6 ga Maris ta matso, wani lokaci jinjirin wata in azumi ya kama. Sai ƙofar balan-balan, da bangon furen roba, da manyan haruffa masu haske, da madubai.

In na ce waje kuwa, zanen bango nake nufi da gine-ginen da ke ɗauke da fuskar garin. Nima kanta ta fitar da masu zane, Moh Awudu ɗan nan ne, kuma duk wanda ya bi titin Kanda ya ga bangon da aka zane. Ƙarƙashin gadar Ako Adjei ma akwai. Jamestown ta cika da zane albarkacin bikin Chale Wote da aka fara a 2011, ga hasumiyar nan mai ja da fari a bakin teku. Sai ƙofar Black Star mai rubutun 1957, da filin tunawa da Kwame Nkrumah da aka sake buɗewa a Yulin 2023 bayan gyara, da Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, mai ƙubbobi irin na Turkiyya.

To, mu koma kan kaya. Tufafinmu na Sallah ba masu shiru ba ne. Atamfa mai manyan furanni, leshi mai duwatsu, babbar riga da aikin hannu ya cika ƙirjinta, fugu mai ratsi-ratsi, kowannensu ado ne da kansa. Adon mol kuma an yi shi ne musamman don ya fizgi ido daga nesa. In kika tsaya da atamfa mai launi biyar a gaban bangon fure mai launi shida, ido ya rasa inda zai sauka, fuskarki ce ƙarshen abin da za a gani. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Zanen bango ma haka yake, wataƙila ya fi, domin mai zane ya zuba launinsa ne ba tare da sanin za ki zo ba. Abin da nake gaya wa mutane shi ne: mai kaya launi ɗaya, farar shadda ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu ko baƙar abaya, ita ke da 'yancin tsayawa gaban ado mai hayaniya, a mol ko a titi. Mai atamfa ta nemi wuri mai natsuwa. A nan waje ya yi wa mol fintinƙau, saboda farin dutsen filin Nkrumah, da bangon masallacin Kanda, da tsohon bango mai fenti ɗaya a Jamestown, duk suna barin zane ya yi magana. A mol, wurin da ya fi karɓar atamfa sau da yawa ba adon ba ne sam, wani dogon baranda ne mara talla, ko jikin gilashin da hasken waje ke shigowa.

Akwai dabara ɗaya in an nace sai gaban ado da kaya masu launi. A duba launin da ya fi yawa a adon, a ga ko akwai shi a jikin zanen ko a ɗankwali. In akwai, hoton zai haɗu kamar an shirya. In babu, a ja da baya daga adon a dusashe shi, zan zo kan wannan.

Haske shi ne inda na fi son in daɗe, domin a nan ake asarar yawancin hotuna.

Akra tana kusa da tsakiyar duniya, digiri 5 da ɗoriya kawai arewa da layin. Ma'anarsa ga mai hoto ita ce rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, duk shekara, kuma da hantsi ta riga ta hau ka. Daga ƙarfe 10 zuwa 3 haske daga sama yake zubowa: idanu su faɗa rami, inuwar hanci ta sauka kan leɓe, goshi ya yi ƙyalli, kowa ya yamutse fuska. Lokaci mai kyau ɗan kaɗan ne, daga 6 da rabi zuwa 8 na safe, sai daga 4 da rabi zuwa kusan magariba, kuma da rana ta taɓa ƙasa duhu ba ya jira. Ranar Sallah kuwa, kafin a sauko daga Idi a gaisa a koma gida, hasken safe ya tafi. A shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a Maris, tsakiyar zafi, babba kuma ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da ruwan Akra ba ya sallama kafin ya sauko. Duk wannan riba ce ga mol. Akwai rufi, akwai sanyi, hoda ba ta narkewa, jariri ba ya kuka, tsohuwa tana samun wurin zama. In da tsakar rana kaɗai kuke da lokaci, kada ku wahalar da kanku, ku tafi mol.

Amma hasken mol yana da nasa halin. Fitilun suna sama, don haka ramin idon nan yana nan, sai dai bai kai na rana tsanani ba. Abin da ya fi damuna shi ne gaurayar launi. Hasken rana yana wajen 5500 a Kelbin, ma'aunin launin haske, fitila mai ɗumi irin ta shagon turare tana wajen 3000, ga kuma adon da kansa yana watsa shuɗi ko shunayya ko kore. Waya ba ta iya daidaita uku a lokaci ɗaya, sai ta zaɓi ɗaya ta bar sauran su ɓata fata. Na sha ganin baƙar mace kyakkyawa ta fito da kumatu ruwan toka saboda haruffa masu shuɗin haske da ke gefenta. Farar shadda kuma, musamman mai sheƙi irin Getzner, tana ɗaukar duk launin da ke kusa kamar madubi. Maganinsa a matsa daga jikin fitilar taku biyu ko uku, a juya fuska wajen haske guda mai faɗi, kamar gilashin babban shago ko ƙofar shiga, a ɗan ɗaga haɓa. Tayil mai sheƙi yana taimakawa, yana mayar da haske ƙarƙashin haɓa ba tare da an biya shi ba.

Wata matsalar ita ce fitilu a bayan mutum. Waya tana ganin hasken ta rage buɗewa, fuska ta yi duhu, mu kuma da ma fatarmu ba ta da rarar haske. A taɓa fuskar a kan allo, a danne har ta kulle, sannan a ɗan ja hasken sama har ido ya fito. Fitilun baya su ƙone, ba komai, ba su aka zo ɗauka ba. Masu babbar kamara kuma su tuna wutar Gana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu arha suna ƙyaftawa sau 100, shi ya sa wani lokaci ake ganin ratsin duhu a kwance cikin hoto. A sa saurin kamara a 1/100, ratsin yakan ɓace.

Hasken bayan la'asar a waje kuwa, in aka same shi, babu fitilar mol da ta kama ƙafarsa. Yana zuwa daga gefe, yana da ɗumi, yana fito da aikin zare a ƙirjin riga ɗaya bayan ɗaya, yana sa baƙar fata ta yi kamar an shafa mata man kaɗanya. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana tausasa rana har hantsi ma ana iya aiki, sai dai sama takan fito fari fat, don haka a rage ta a cikin hoto. Ranar da hadari ya rufe bai zubar ba ita ma rana ce ta mai hoto.

Sai maganar tsayuwa, wadda kusan ɗaya ce a wuraren biyu, bambancin fili ne. Kuskuren kowa shi ne manne baya da ado, kamar hoton fasfo. Mutum ya baro adon da taku uku, mai ɗauka shi ma ya ja baya, ya sa waya a 2x ko 3x. Idon waya na 1x faɗinsa wajen milimita 24 zuwa 26 ne, in aka matso da shi kusa yana kumbura hanci ya ƙanƙance kunne, wanda ke gefen hoto kuma ya yi faɗi. Na 0.5x ya fi ɓarna, a bar shi wa hoton gini. Na 2x yana kusa da milimita 50, na 3x ya haura 70, su ne ke ba fuska siffarta ta gaskiya, su kuma jawo adon baya ya cika hoton. A riƙe waya daidai ƙirjin wanda ake ɗauka, in hoton tsaye ne har ƙafa a sauko zuwa ƙugu. A duba bayan kai kafin a danna, kada sanda ko reshen ado ya tsiro daga tsakiyar hula.

Wannan ja da bayan yana son fili, kuma a nan ake gane bambanci. Ranar Asabar da yamma, ko washegarin Sallah, tazarar da ka bari tsakaninka da mai hoto hanya ce ga jama'a, kowa da kwandon sayayyarsa, ga layin masu jiran gurbin. Hoto biyar za ka yi cikin gaggawa ka ba wani wuri. In mol ne, a je da safe ana buɗewa, ranar aiki. A titi fili yana nan, amma akwai kwata a buɗe, akwai okada, akwai torotoro da zai tsaya daidai gaban zanen ya fara lodi. Kada a tsaya kan kwalta don neman tazara, na ga wanda madubin mota ya tafi da hannun rigarsa.

Game da dusashe baya: fitilun mol suna kyau in sun narke sun zama ɗigo-ɗigon haske, don haka idon kamara mai milimita 50 ko 85 a buɗe a f/1.8 ya dace da su. Zanen bango kuwa in ya narke an yi zuwan banza, a rufe zuwa f/4 ko f/5.6 don a gane abin da aka zana. Tsarin Portrait na waya yana dusashe baya da lissafi ne, kuma lissafin yakan rikice a bakin gyale mai raga da kunnuwan ɗaurin ɗankwali, ya cinye su. A ɗauki ɗaya da shi, ɗaya babu shi.

Jiki kuma kada ya fuskanci kamara ɗoɗar. A ɗan karkata kafaɗa, nauyi a ƙafar baya. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa yadda aikin zai fito, ya gyara karin hula, ya cire waya da makulli daga aljihun gaba. Mai lalle ta ba hannunta aiki, ta riƙe bakin mayafi ko jaka, kada ƙunshin kwana biyu ya ɓuya a bayan zane. In adon yana da siffa, kamar ƙofa mai lanƙwasa ko da'ira, a tsaya cikinta ta zama firam. In zanen fuska ne a bango yana kallon dama, a tsaya ta daman, kamar kai yake kallo. Gaban madubi kuwa mai ɗauka ya koma gefe, in ba haka ba shi da wayarsa za su shiga hoton amarya. A bar sarari sama da ƙasa, domin abin da za a ɗora a WhatsApp dogo ne, 9:16, na Instagram kuma 4:5, hoto ɗaya zai iya yin duka in ba a matse shi ba.

Akwai abin da littafin koyon hoto ba ya faɗa, mu a Zango mun san shi: kunya. A mol babu wanda ya san ki. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a unguwa sai ka ga ta saki jiki, ta yi dariya, ta juya mayafi. A jikin bangon Nima kuwa, kafin ki gyara tsayuwa yara goma sun kewaye ku, mai koko ta leƙo, wani abokin Kawu ya wuce ya ce "'yar wane ce wannan?" Fuska ta daskare, kuma babu gyaran kwamfuta da ke narkar da ita. Masu hoton kafin aure sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa suke gudu Weija ko Nungua inda labari ba zai riga su komawa gida ba. Ga wanda unguwar tasa ce kuma yana alfahari da ita, taron yaran nan shi ne daɗin hoton. Wasu daga cikin hotunan da na fi so, yaran da suka kutso ne suka gyara su.

Haka nan a yi tunanin bangon da hoton zai rataya. Akwai gidajen da Baba ba zai yarda a kafa hoton da ke da mutum-mutumi a ciki ba, ko bishiyar Kirsimeti a bayan amarya. Wanda ya san gidansu haka yake, ya nemi fure ko fitila ko gini. A masallaci kuma a kiyaye lokacin salla da sutura, a tambayi masu kula da wurin.

Izini ma abin dubawa ne. Mol gidan wani ne. Waya ba a cika hana ta ba, amma babbar kamara da sanda mai ƙafa uku da fitila suna jawo masu tsaro nan take. Ya taɓa faruwa da ni a wani mol, amarya ta gama shiri, dangi sun jeru, sai ga mai tsaro, ashe ɗan Zango ne, ya ce mini a hankali: "Maigida, ka yi haƙuri, wannan sandar ba za ta tsaya nan ba sai da takarda daga ofis." Ofis kuma an tashi. Da waya muka ƙarasa aikin. Tun daga ranar nake zuwa kwana biyu kafin aiki in nemi izini. A waje ma ba sakaka ba ne: filin Nkrumah ana biyan kuɗin shiga, wajen ƙofar Black Star akwai jami'ai, a gaishe su a tambaya. Fadar Jubilee ta shugaban ƙasa da wuraren soja kada ma a ɗaga waya. A Jamestown, samarin unguwa sukan zo su nuna maka wuri, a yi ciniki da su tun farko cikin mutunci.

Abin da ya sa duk da wahalarsa zuciyata ta fi karkata waje shi ne abin da hoto zai faɗa bayan shekara ashirin. Tsayawa gaban abin ado ba yau aka fara ba a ƙasar nan. James Barnor, wanda aka haifa a Akra a 1929, ya buɗe ɗakin hoto mai suna Ever Young a Jamestown a shekarun 1950. Philip Kwame Apagya na Shama ya yi suna da labulen da aka zana wa firiji cike da abinci, da talabijin, da matakalar jirgin sama, mutane su tsaya gaba kamar nasu ne. Adon mol jikan wannan labulen ne, kuma ba abin raini ba ne, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Amma labulen Apagya hannun ɗan ƙasa ne ya zana shi, yana nuna burin mutanen lokacinsa. Bangon furen roba kuwa iri ɗaya ne a Akra da Dubai da Legas, sau da yawa da sunan kamfanin da ya biya kuɗinsa a tsakiya, sai ka wayi gari kana yi wa wani talla da shaddarka. In ɗanki da ke Hamburg ya buɗe hoton, me zai nuna wa 'ya'yansa ya ce nan ne gida? Zanen bango shi ma ba ya dawwama, rana da iskar teku suna cinye fenti, wani ya zo ya shafe ya yi sabo, amma hoton da aka yi gabansa yana riƙe da shekararsa da unguwarsa. In an san mai zanen, a ambaci sunansa wajen ɗorawa, haƙƙinsa ne.

Wanda ke son sanyin mol da aikin fasaha na gaske a wuri ɗaya, akwai ɗakunan nuni irin Gallery 1957 da aka buɗe a 2016 a otal ɗin Kempinski. Farin bango, haske mai tsabta, jama'a kaɗan. Sai dai a can aikin ne mai gida, kai baƙo ne: ba a taɓawa, ba a jingina, ba a kunna fitilar kamara, kuma sai an tambaya kafin a ɗauka. Wurin mutum ɗaya ko biyu ne, ba na dangi goma sha biyar ba.

Ƙanwata ta ce nata leshi ne ruwan zuma mai duwatsu, Mma farar shadda, yara uku atamfa iri ɗaya, maigidanta kuma babbar riga shuɗiya. Na ce mata su rabu biyu. Mma da yara mu je mol kwana uku bayan Sallah, ƙarfe 10 na safe, Mma ta zauna gaban adon tunda kayanta fari ne, yara kuma in jera su jikin gilashin ƙofa inda babu fure. Ita da maigida su same ni a Kanda ƙarfe 4 da rabi, mu yi na jikin masallaci bayan an watse daga la'asar, in lokaci ya rage mu gangara Nima wajen zanen saboda shuɗiyar rigar. Ta ce, "Yaya, in ruwa ya sauko fa?" Na ce ta sa lema a mota, baƙa, kada ta ɗauko mai tambarin kamfanin waya.